Darasi: Hoton Ɗauki-Kanka da Ciwon Son a Gani

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halicci mutum Ya kyautata surarsa, wanda kuma babu abin da ke ɓuya gare Shi na daga abin da zukata ke rufewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da kowa daga cikinmu ya gani da idonsa. A filin idi, ko wurin ɗaurin aure, ko fadar samari inda ake dafa shayi, har ma a gaban Ɗakin Ka'aba, za ka ga mutum ya miƙe hannunsa da salula, ya juyo da ita wajen fuskarsa, ya karkata kai, ya yi murmushi alhali babu wanda yake yi wa. Wannan shi ne hoton ɗauki-kanka, wanda matasa ke kira salfi. Wasu dattawa suna ganin shirmen yara ne da bai cancanci a tsaya kansa ba, wasu kuma da sun ji sunansa sai su ce haramun ne su wuce. Amma mai magani ba ya ba da sassaƙe sai ya san ciwo. Saboda haka za mu duba abubuwa uku: ina wannan al'ada ta samo asali, me ya sa zukata suka karɓe ta da wannan gaggawa, kuma me addini yake nema daga Musulmin da salula take aljihunsa.

ASALIN AL'AMARIN

A shekarar 1839 aka bayyana sana'ar ɗaukar hoto ga jama'a a ƙasar Faransa. A cikin wannan shekarar ce wani mutum mai suna Robert Cornelius, a birnin Filadelfiya na Amurka, ya kafa akwatin hoto ya tsaya a gabansa ya ɗauki kansa da kansa. Ke nan tun ranar da aka sami na'urar, ɗan Adam ya fara juyo da ita wajen fuskarsa.

Sai dai fiye da shekara 150 bayan haka hoto ya ci gaba da zama abu mai tsada. Manyanmu ba su manta ba: ranar salla ake sa babbar riga a tafi ɗakin mai hoto, a biya kuɗi, a jira kwanaki kafin a wanke, sa'an nan a rataye shi a bango ko a ajiye shi a ƙasan akwati. A birnin Bamako, wani mashahurin mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakinsa a 1948, yakan ajiye agogo da rediyo da alƙalami da babur domin masu zuwa su ara a ɗauke su da su. Wannan ya nuna mana cewa son mutum ya fito a hoto fiye da yadda yake tsohon hali ne. Abin da ke taka masa birki a wancan zamani abu uku ne: kuɗi, da jira, da kuma idon mai hoto, domin mutum yakan ji kunyar yin wata irin tsayuwa ko wani irin yanga a gaban wani.

Waɗannan katangu uku sun faɗi ɗaya bayan ɗaya. Wajen shekarar 2000 aka fara sayar da salula mai ɗaukar hoto a ƙasar Japan. An kafa Facebook a 2004, a 2009 ya ƙara alamar babban yatsa wadda ake dannawa don nuna an yaba, kuma a shekarar ce WhatsApp ya fito. A 2010 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 4 mai idon hoto a gaba, yadda mai ɗauka yake kallon fuskarsa kamar a madubi, kuma a cikin wannan shekarar aka buɗe Instagram wanda aka gina shi kacokan a kan hotuna. Ita kalmar salfi, an fara ganinta a rubuce a ƙasar Ostireliya a 2002, a 2013 kuma masu ƙamus na Oxford a Ingila suka zaɓe ta kalmar shekara. A watan Disamba na 2013, a taron tunawa da Nelson Mandela a Johannesburg, duniya ta ga shugaban Amurka na lokacin, Barack Obama, da firayim ministocin Danmak da Birtaniya sun haɗa kai suna ɗaukar kansu. Daga nan kowa ya gane abin ya wuce wasan yara.

A nan ƙasarmu Nijar, salula ta shigo ne a farkon shekarun 2000, tana ta kira da saƙo kawai. Daga baya wayoyi masu araha suka cika kasuwanni, musamman Tecno da Itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, wanda ya gyara idon hoton wayoyinsa domin ya riƙa fitar da fuskar baƙar fata sarai. Da haka ɗakin mai hoto ya koma aljihun ɗalibi da ɗan kasuwa da amarya, babu biya, babu jira, babu wanda za a ji kunyarsa.

ME YA SA ZUKATA SUKA KARƁE SHI?

Dalili na farko shi ne sauƙi. Abin da ba ya cin kuɗi kuma ba ya buƙatar roƙon kowa, hannu yakan saba da shi tun hankali bai yi shawara ba.

Na biyu, mutum ya sami iko a kan surarsa. A da yadda mai hoto ya ɗauke ka haka za ka karɓa. Yanzu mutum yakan ɗauki ashirin ya share goma sha tara, ya bar wanda ya fi yi masa kyau, sa'an nan ya sa manhajar gyaran fuska ta haska fatarsa, ta share tabo, ta rage hanci. Abin da ake nuna wa jama'a ya zama zaɓaɓɓen ɗan yanki na rayuwa, wani lokaci ma fuskar da mai ita bai taɓa ganinta a madubi ba.

Na uku, shaida. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Wanda ya je wani gari, ko ya gaisa da wani babba, ko ya karɓi takardar kammala karatu, yana son abin da zai tabbatar cewa shi ne, kuma yana wurin.

Na huɗu, zumunci, kuma wannan dalili ne mai kyau wanda bai kamata mu raina shi ba. Gidaje nawa ne a Maraɗi da Damagaram da Tawa da ɗansu yake ci-rani a Libiya, ko Aljeriya, ko Abijan, ko Legas? Tsohuwar da ta yi wata shida ba ta ga ɗanta ba, idan ya aiko mata da fuskarsa ta ga yana cikin ƙoshin lafiya, ta yi barci da kwanciyar rai. Wannan sada zumunci ne, kuma mai yin sa da kyakkyawar niyya yana da lada in Allah Ya so.

Na biyar, wanda shi ne saiwar al'amarin, son yabo. An halicci rai da jin daɗin a ce masa madalla. A da yabo ba ya ƙidayuwa, yana fitowa daga bakin maƙwabci ya wuce. Yanzu an mayar da shi lamba: mutum goma sun yaba, hamsin sun yaba, na wance ya kai ɗari biyu. Mai hoto ba ya sanin nawa zai samu, shi ya sa yake ta komawa yana dubawa kamar mai jiran sakamakon caca. Kuma ya kamata mu sani cewa kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali da tallace-tallace suke samun kuɗinsu. Gwargwadon daɗewar idonka a kan waya, gwargwadon ribarsu, kuma sun gane cewa babu abin da ke riƙe ido kamar fuskar mutum. Ke nan yaron da ke ganin yana nishaɗi ne kawai, yana yi wa wasu aikin da ba a biyansa, da lokacinsa da kuɗin katinsa.

Na shida, koyi. Matashi ya ga ɗan ƙwallo ya yi, mawaƙi ya yi, shugaban ƙasa ya yi, abokansa na fada duk sun yi. Wanda ba a ganin fuskarsa sai ya ji kamar an manta da shi a gari.

HUKUNCIN HOTO A WURIN MALAMAI

Hadisai ingantattu sun zo da gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. Da na'urar hoto ta bayyana, sai malamai suka saɓa a kan ko ta shiga ƙarƙashin wannan gargaɗi. Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar kuma ya rasu a 1935, ya tafi a kan halacci, yana ganin aikin na'urar tsare inuwa ne kamar yadda madubi yake nuna fuska, babu kwaikwayon halitta a ciki. Shehu Abdul'aziz bin Baz da Shehu Albani sun tafi a kan hani sai da lalura, kamar hoton katin ɗan ƙasa da fasfo. Shehu Ibn Usaimin ya ga cewa ɗaukar hoto da na'ura ba shi ne surantawar da aka hana ba, hukuncinsa yana bin abin da aka nufa da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, mai jiki da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, kamar gunki. Wadda take shimfiɗe a kan takarda ko tufa ba ta kai wannan matsayi ba.

Wanda ya bi masu hani ya kame kansa, ya yi tsantseni, kada a zarge shi. Wanda ya bi masu halattawa, shi ma yana da magabata. Amma ko a wurin masu halattawa magana ba ta ƙare ba, domin dukkansu sun haɗu a kan cewa halattaccen abu yana zama zunubi idan niyya ta ɓaci ko aka taka haƙƙin wani. A nan ne darasinmu ya fi nauyi.

CIWON DA KE ƁOYE A ZUCIYA

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san cewa littafin Ahalari, tun a shafukansa na farko kafin a kai ga tsarki da salla, ya lissafta girman kai da jiji da kai da riya da son a ji a cikin abubuwan da aka haramta wa baligi. Riya ita ce yin aikin ibada don mutane su gani. Sum'a ita ce yin sa, ko ba da labarinsa, don su ji. Ujubu kuwa shi ne mutum ya riƙa ganin kyan kansa har ya manta da wanda Ya ba shi. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kira riya ƙaramin shirka, kuma ya nuna ita ce abin da ya fi ji wa al'ummarsa tsoro. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira labarin mutum uku da za a fara yi wa hukunci ranar alƙiyama: wanda aka kashe a fagen fama, da wanda ya yi ilimi ya karanta Alƙur'ani, da wanda ya ciyar da dukiya. Dukkansu an jefa su wuta, domin sun yi ne a ce jarumi, a ce malami, a ce mai kyauta, kuma an riga an faɗa a duniya.

To mu auna wannan da abin da muke gani. Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, wani ya sayar da gona ko shanu, ya isa Arfa, wurin da ake zubar da hawaye, sai ya ɗaga hannu ɗaya kamar mai addu'a, ɗaya hannun yana riƙe da waya. Ibn Majah ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi hajjinsa a kan tsohon sirdi, yana roƙon Allah Ya sanya shi hajjin da babu riya ko son a ji a cikinsa. Idan wanda aka gafarta masa ya roƙi haka, ina ga ni da kai? Haka nan mai i'itikafi da ke aiko da fuskarsa daga cikin masallaci a goman ƙarshe, da mai tahajjudi, da mai raba abinci a watan azumi. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 264, Allah Ya misalta mai ciyarwa don idon mutane da falalen dutse mai ɗan turɓaya a kansa, ruwa mai ƙarfi ya sauka ya wanke shi fes. Asarar kuɗi ana mayar da ita, amma asarar aikin da mutum yake zaton ya ajiye wa kabarinsa ba a gane ta sai ranar da babu gyara.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Na farko, son tsafta da ado ba girman kai ba ne. Da wani sahabi ya ce mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna masa cewa Allah Yana son kyau, kuma girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Na biyu, zuciya Allah kaɗai Ya san ta. Ba mu da ikon ganin hoton alhaji mu ce riya ya yi, wataƙila mahaifiyarsa ya aika wa don ta san ya sauka lafiya. Wannan ma'auni kowa kansa zai ɗora a kai.

Akwai kuma ciwon da ke kama mai kallo. Suratul Ƙasas ta ba mu labarin Ƙaruna, ranar da ya fito wa mutanensa cikin adonsa, masu son duniya suka yi ta burin ina ma su ne. A yau matar aure tana zaune a ɗakinta tana kallon lefen wata da kujerun wata, saurayi marar aiki yana kallon sa'ansa jingine da motar da wataƙila ba tasa ba ce, sai su raina ni'imar da ke hannunsu. Sun manta cewa zanen aro ba ya rufe katara, kuma babu mai ɗaukar hoton bashin da ke kansa. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna cewa binciken kamfanin da kansa ya gano Instagram yana ƙara wa wasu ƴan mata ƙin surar jikinsu. Maganin da Annabi (S.A.W.) ya ba mu tun tuni shi ne mu riƙa duban wanda yake ƙasa da mu a abin duniya, domin kada mu raina baiwar Allah.

HAƘƘIN MUTANE DA HAƘƘIN RAI

Hoton ɗauki-kanka ba kasafai yake ɗaukar mutum ɗaya ba. A bayan mai murmushi akwai matan mutane a gidan biki waɗanda ba su shirya wa idon baƙo ba. Akwai marar lafiya a gadon asibiti wanda aka zo dubawa. Akwai gawa a makara. Akwai dattijon da talauci ya sa ya miƙa hannu ya karɓi mudun gero, ga shi an watsa fuskarsa har surukansa sun gani. Sadakar da aka bi ta da tozartawa, gori ne da cutarwa. Ƙungiyar da take buƙatar shaida domin ta fita haƙƙin waɗanda suka ba ta amana, tana iya ɗaukar buhuna da takardun lissafi, ta bar fuskar mabuƙaci a rufe.

Sa'an nan hoto ɗan'uwan magana ne, zarar bunu, in ya fita ba ya komawa. Yarinya takan aika wa mai neman aurenta hoton da ba ta son kowa ya gani, bisa alkawarin zai share. Ranar da aka ɓata, ko aka sace wayar, ko aka kai ta wurin gyara, sai asiri ya tonu, aure ya lalace, iyaye su kasa fita ƙofar gida. Muna yi wa ƴaƴanmu mata nasiha su kiyaye, muna kuma gaya wa samari da babbar murya cewa wanda ya watsa da wanda ya tura gaba suna cikin gargaɗin aya ta 19 ta Suratun Nur, wadda ta yi alkawarin azaba mai raɗaɗi duniya da lahira ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai.

Rai ma amana ne. Wani bincike da likitoci a ƙasar Indiya suka buga a 2018 ya ƙidaya mutum 259 da suka mutu a duniya wajen ɗaukar kansu hoto tsakanin Oktoba 2011 da Nuwamba 2017, ta hanyar nutsewa a ruwa, da faɗowa daga tudu, da karo da jirgin ƙasa da motoci, kuma akasarinsu matasa ne maza. Wannan ya isa ishara ga mai ɗaukar kansa yana tuƙa babur, ko a bakin gulbi lokacin damina.

MA'AUNI KAFIN A DANNA

Ya ɗan'uwa, kafin ka ɗaga waya, tambayi kanka abu huɗu. Don wa nake yi, kuma idan babu wanda ya yaba raina zai ɓaci? Abin da ke cikin hoton gaskiya ne ko aro? Akwai wani a ciki wanda ban nemi izininsa ba? Zan yarda mahaifina da ƴaƴana su gan shi bayan shekara ashirin? Idan amsa ta yi kyau, aika wa wanda ya dace, ka tsaya nan. Ibada kuwa, ka bar wani kaso nata wanda babu mai sani sai kai da Ubangijinka, domin cikin mutum bakwai da Allah zai sanya a inuwarSa akwai wanda ya ɓoye sadakarsa har hagunsa bai san abin da damansa ya bayar ba.

Ga iyaye kuma, ƙwace waya da zagi kaɗai ba ya warkar da wannan ciwo. Yaron da bai taɓa jin mahaifinsa ya ce masa Allah Ya yi maka albarka ba, yarinyar da ba a kiran sunanta sai ta yi laifi, za su tafi neman madalla a wurin baƙin da ba su san darajarsu ba. Ku yaba musu a kan gaskiya da riƙon amana da ƙoƙarin karatu, ku zauna ku ji abin da suke kallo, kuma ku fara gyara naku hannu, domin yaro ba ya jin wa'azin wanda ya gani yana ɗaukar kansa a sahun idi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Allah ba surorinmu da dukiyoyinmu Yake dubawa ba, zukatanmu da ayyukanmu Yake dubawa. Wanda ya zauna da wannan a ransa, zai san wurin da ya fi cancanta ya yi wa ado.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga riya da son a ji, Ya kyautata halayenmu kamar yadda Ya kyautata halittarmu, Ya rufa asirinmu da na iyalanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya karɓi ayyukanmu. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu, muna neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.